Daga Ofishin Kuɗi A Ikko Zuwa Gaban Allo A Gida

Tun da aka haɗa hanyoyin jirgin ƙasa a Kafanchan a 1927, mutanen Kudancin Kaduna suke gangarowa Kurmi neman aiki. Makarantun mishan sun ba su ilmin boko da wuri, balle a Kagoro, inda marigayi Sarki Gwamna Awan, wanda ya hau gado a 1945, ya tsaya tsayin daka a kan karatun yara. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da ɗan Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi yana riƙe da littattafan kuɗin wani banki a Marina, ko na wani kamfani a Apapa.

To, amma aikin banki ba ya tsufa da mutum. A 2005, sa'ad da Babban Banki ya tilasta wa kowane banki tara jarin Naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, ma'aikata da yawa suka wayi gari ba aiki. A 2009 aka sake wata girgizar. Wanda ya tsira ma, da ya doshi shekara hamsin sai ya ga yara masu arahar albashi suna hangen kujerarsa. A jami'a kuwa, dokar 2012 ce ke aiki, wadda ta yarda malami ya kai shekara 65, farfesa kuma 70. Wannan ya sa akanta da ke zaune a Agege ko Sabon Badun yakan soma tunanin ya koma gida ya koyar.

A da, ruwan ɗaya gefen yake gudu. Marigayi Hamza Zayyad ya riƙe ma'ajin Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya shugabanci kamfanin NNDC a Kaduna. Sanusi Lamido Sanusi ma ya koyar da ilmin tattalin arziki a Zariya kafin ya shiga aikin banki a 1985. Fita daga aji zuwa kamfani gangare ne. Komowar ce hawan dutse, kamar mai hawan dutsen Kagoro da kaya a ka.

Dalili kuwa, jami'a ba ta auna mutum da mudun kamfani. Takardar ƙungiyar ICAN, wadda aka kafa a 1965, ko ta ANAN, wadda aka kafa a 1979, shaidar gwaninta ce a sana'a, ana kuwa girmama ta. Duk da haka abin da kwamitin ɗaukar malamai zai fara tambaya shi ne digiri na biyu. Wanda ba shi da na uku, watau na dakta, ba zai kai matsayin babban malami ba, kome yawan shekarun da ya yi yana duba lissafin kamfanoni. Ƙarin girma kuma sai da rubuce-rubucen bincike da aka buga. Sai ka ga mutumin da jiya yake sa hannu a cek na miliyoyi, da direba da masinja, yau yana ƙarƙashin shugaban sashe sa'an ƙanensa. Albashi ya ragu, ga yajin aiki: na 2022 ya ci wata takwas, gwamnatin tarayya kuma ta riƙe albashin malamanta a lokacin.

Akwai wani tarko da ke kama mutanen kamfani. Yawancinsu digirin MBA suke yi, domin shi ke kawo ƙarin girma a ofis. Jami'o'i da yawa kuwa suna ɗaukarsa digirin sana'a ne, sun fi son M.Sc. mai kundin bincike ga mai neman koyarwa ko shiga karatun dakta. Mai niyyar komawa gara ya yi wannan karatu tun albashin Ikko yana shigowa, ga Jami'ar Legas a Akoka, ga ta jiha a Ojo. Wanda ya bari sai an sallame shi, da kuɗin sallamar zai biya makaranta, ga iyali.

Wuraren koyarwa a gida sun ƙaru. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana da reshe a Kafanchan, ko da yake noma da ilmin muhalli suka fi ƙarfi a can, karatun akanta yana cikin Kaduna. Ga Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya a bakin ƙofa. A 2025 gwamnatin tarayya ta kafa jami'a a Kachia. Mai son nisa kaɗan ga Kongo a Zariya, ga Jos, inda ANAN take da kwalejinta a Kwall.

Su ɗalibai su ne za su fi cin moriya. Tun 2012 manyan kamfanonin Nijeriya suka koma rubuta lissafinsu bisa ƙa'idar duniya da ake kira IFRS. Malamin da ya yi wannan sauyi da hannunsa, ya sha tambayoyin masu binciken kuɗi da na haraji, ya san inda ake ɓoye ɓarna a cikin littafi, yana da abin faɗa wanda ba ya cikin takardar lacca.

Ba kuwa sai ya ɗauko misali daga Ingila ba. Ƙasar Kachia da Jaba da Kafanchan ita ce cibiyar citta a Nijeriya. A 2023 cuta ta cinye gonakin citta, manoma da 'yan kasuwa da suka ci bashi suka rasa ta cewa. Yadda ƙungiyar manoma za ta rubuta bashin da ba zai biyu ba, da yadda ɗan kasuwa zai ƙiyasta darajar buhunan da ke cikin sito alhali farashi yana hawa kullum, darasi ne na zango guda cur. Kundin dakta ma yana iya fitowa daga nan, kuma yaran da ke cikin ajin 'ya'yan masu gonakin ne.