Ɗan Rakiya Ma Yana Girma: Bizar 'Ya'yan Indiyawa a Ƙasashen Waje

A ƙauyen Chilkur da ke wajen birnin Hyderabad, a kudancin Indiya, akwai wani ɗakin bauta na mabiya addinin Hindu da ya yi suna wajen masu neman biza. Mai nema zai zo da fasfonsa ya zagaya ɗakin sau 11, in buƙata ta biya ya dawo ya zagaya sau 108. Can arewa kuma a jihar Punjab, kusa da Jalandhar, jiragen sama na wasan yara ake kaiwa wani wurin ibadar mabiya addinin Sikh a ƙauyen Talhan, duk dai don a samu fita. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2020 ta nuna cewa kimanin mutum miliyan 18 haifaffun Indiya suna zaune a wasu ƙasashe, kuma babu ƙasar da ta kama ƙafarta a wannan fage. Da yawansu magidanta ne. To da zarar bizar uba ko ta uwa ta fito, murna ta lafa, sai tambaya ta biyo baya: yaran fa, da wace takarda za su bi, kuma a wace makaranta za su zauna?

Iyaye da dama suna ɗauka cewa tunda yaro makaranta zai shiga a can, bizar karatu za a nema masa. A yawancin ƙasashe ba haka abin yake ba. Yaron da ya bi iyayensa bizar rakiya ake ba shi, wato takardarsa a rataye take a jikin ta uba ko ta uwa. Da ita zai shiga firamare da sakandare ta gwamnati, galibi ba tare da biyan kuɗin makaranta ba. Ita kuwa bizar karatu ta yara, ta wanda aka tura shi kaɗai ce. A Birtaniya ana ba da ita ga 'yan shekara 4 zuwa 17, kuma makarantar kuɗi kawai take kai yaro. In bai kai shekara 12 ba, ɗaya daga cikin iyayensa zai iya bin sa, amma ba a yarda ya yi aiki ba. A Amurka ma mai bizar karatu ta F-1 ba ya shiga firamaren gwamnati sam, sakandaren gwamnati kuwa wata 12 aka iyakance masa, kuma sai ya biya cikakken abin da ake kashewa a kan ɗalibi. Uban da ya bari wani dillalin biza ya tura shi wannan hanya alhali ɗansa ya cancanci bizar rakiya, ya sayi abin da ake bayarwa kyauta.

Sai dai wannan sauƙi na bizar rakiya shi ne kuma rauninta. In aikin uba ya ƙare, zaman yaro ya ƙare. In aka kori uwa daga jami'a, karatun 'yarta ya tsaya a tsakiyar zango. Sannan akwai abin da babu mai iya dakatarwa, wato shekarun yaron kansa.

Mu fara da ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha, domin a nan ne Indiyawa suka fi taruwa, musamman mutanen jihar Kerala. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kaɗai sun haura miliyan 3. Dokar can ta ce sai albashin mutum ya kai dirhami 4,000 a wata, ko 3,000 haɗe da gidan zama, kafin ya ɗauki nauyin iyalinsa. Leburan gini da ke kwana a sansanin ma'aikata ba ya cikin wannan magana. 'Ya'yansa a waya yake ganin girmansu. Wanda ya kawo nasa kuma, makarantun Indiyawa na kuɗi yake kai su, masu bin manhajar hukumar CBSE ta gida, saboda kowa ya san cewa komai daɗewa gida za a koma, tunda zaman shekaru a can ba ya sa baƙo ya zama ɗan ƙasa. Tun daga 2022 uba na iya riƙe ɗansa namiji a kan takardarsa har shekara 25, mace kuwa har ta yi aure. A Saudiyya, inda mutanenmu suka san zafin igama, wato takardar izinin zama, an sa harajin wata-wata a kan kowane ɗan rakiya a watan Yulin 2017. Da riyal 100 aka fara, ya yi ta hawa har 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya uku ke nan riyal 1,600 duk wata kafin a yi maganar haya ko cefane. Iyalai da dama tattara yara suka yi suka mayar Indiya, uba ya zauna shi kaɗai.

Labarin Birtaniya ya fi shafar mu kai tsaye, domin wuƙar da ta yanki Indiyawa ita ta yanki 'yan Najeriya. A 2019 bizar rakiya kusan 16,000 aka bai wa iyalan ɗalibai. A 2022 adadin ya kai kusan 136,000, kuma Najeriya ce ta ɗaya, Indiya ta biyu. A watan Mayun 2023 sakatariyar harkokin cikin gida ta lokacin, Suella Braverman, wadda ita kanta iyayenta 'yan asalin Indiya ne, ta sanar da toshe ƙofar. Daga 1 ga Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji ba ya zuwa da mata ko yara, sai mai digirin bincike irin na dakta, ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsa. A watan Maris na shekarar aka hana masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya zuwa da iyali, aikin da mata 'yan Kerala da 'yan Najeriya suka yi wa tururuwa. Wanda ƙofar ba ta rufe masa ba kuma, akwai kuɗin lafiya na fam 776 a shekara a kan kowane yaro bisa ƙa'idar 2024, kuma a dunƙule ake biyan na duk tsawon bizar tun kafin a tashi.

Akwai kuma wata ƙa'ida a Birtaniyar da take ba iyaye mamaki. Yaro ba ya bin ɗaya daga cikin iyayensa haka kawai. Dole dukansu biyu su kasance can ko suna nema tare, sai fa in ɗayan ya rasu, ko mai tafiyar ya tabbatar cewa shi kaɗai ke ɗauke da ragamar rayuwar yaron, ko akwai wani babban dalili. Turawan ba su san tsarin da kaka ke riƙon jika, kawu na biyan kuɗin makaranta, uba na turo kuɗin abinci daga Dubai ba, alhali haka gidajen Indiya da yawa suke, kamar dai namu. Macen da aure ya mutu, ta samu aikin jinya a Manchester, za ta iya shan wahala kafin ta gamsar da jami'in biza cewa ɗanta a hannunta yake. Takardar kotu, rasit na makaranta, katin asibiti, duk sai an tattaro. Ko a gida ma, fasfon yaro a Indiya na shekara 5 ne, kuma a ƙa'ida ana neman amincewar iyaye biyu kafin a ba da shi. Bambancin harafi ɗaya tsakanin sunan da ke takardar haihuwa da na fasfo ya isa ya jawo jinkirin watanni.

Kanada ba ta da yawan rikici ta wannan fuska. Yaron da ke cikin ƙasar tare da uba ko uwa mai izinin aiki ko na karatu yana shiga makaranta har ƙarshen sakandare, kuma ana lissafa shi ɗan rakiya muddin bai kai 22 ba kuma bai yi aure ba. Sai dai tun Janairun 2024 ƙasar ta ƙayyade yawan ɗaliban waje, ta kuma ci gaba da tsuke hanyoyin iyali.

Amurka ce inda abin ya fi ciwo, kuma can ya kamata a tsaya a duba da kyau. Bizar ƙwararrun ma'aikata ta H-1B, wadda injiniyoyin kwamfuta suka fi amfani da ita, Indiyawa ke kwashe kusan kashi 70 cikin ɗari nata. 'Ya'yansu kan shiga da bizar H-4, 'ya'yan ɗalibai kuma da F-2. Yaro zai sauka yana ɗan shekara huɗu ko biyar, ya shiga makarantar unguwa a Texas ko New Jersey, bakinsa ya juye, abokansa duk 'yan can, Indiya kuwa sai hutu. Uban na nan ya shiga layin katin zama na dindindin, wanda ake kira girin kad. Ga inda gizo ke saƙar. Dokar 1990 ta ware katin 140,000 a shekara ga masu shiga ta hanyar aiki, da su da matansu da 'ya'yansu, sannan akwai ƙa'idar cewa kada rabon kowace ƙasa ya wuce kashi 7 cikin ɗari. Indiya mai mutum sama da biliyan 1.4 da ƙasar da ba ta kai yawan mutanen Kano ba, ma'auni ɗaya ake auna musu. Indiyawan da ke kan wannan layi sun haura miliyan ɗaya, har cibiyar bincike ta Cato ta lissafa a 2023 cewa sabon shiga zai iya jiran fiye da shekara 100 in ba a sauya dokar ba.

Layi bai motsa ba, yaro kuwa yana girma. Ranar da ya cika shekara 21, doka ta daina kallonsa a matsayin ɗa. Bizar H-4 ta faɗi, gurbinsa a layin mahaifinsa ya tafi. Zaɓinsa biyu ne: ya bar ƙasar da ya tashi a cikinta, ko ya koma bizar karatu ta F-1 a matsayin baƙon ɗalibi. A nan ne bizar karatu take shigowa rayuwar waɗannan yara, a ƙarshen labari maimakon farkonsa, kuma tana zuwa da nata abin mamaki. Sharaɗinta shi ne mai nema ya nuna yana da gida a wata ƙasa da zai koma in ya gama. Wane gida yaron da ya bar Chennai yana goye zai nuna? In ya tsallake wannan, jami'o'i da yawa kuɗin baƙo za su caje shi, ba shi da rabo a tallafin karatu na gwamnatin tarayya. In ya kammala, yana da wata 12 na aiki, da ƙarin 24 ga masu fannin kimiyya da fasaha, daga nan ya shiga cacar H-1B mai gurbi 85,000 a shekara. In ya ci, ya koma ƙarshen layin da mahaifinsa ya tsufa a kai.

An yi dokar kare shekarun yara a 2002, amma lokacin da hukuma ta ɗauka tana duba takarda kawai take ragewa daga shekarun yaro, ba shekarun jiran layi ba, don haka ba ta tsinana wa Indiyawa abin kirki ba. Shirin DACA na 2012, wanda ya ba yaran da aka shigo da su ba takarda damar zama da aiki, bai haɗa da su ba, domin su da takarda suka shigo. Ana ƙiyasta waɗannan yara sun haura 200,000. An sha gabatar da ƙudurin ceto su a majalisar dokokin Amurka da goyon bayan 'yan jam'iyyu biyu, ana ta magana. Ƙanin da aka haifa a can ɗan ƙasa ne, yayan da aka zo da shi a hannu baƙo ne, a gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya. A ganina wannan zalunci ne, ko da yake kowace ƙasa na da ikon tsara ƙofarta. Wanda ya bi doka tun daga ranar farko bai kamata ya fi kowa shan wuya ba.

Ko a Birtaniya akwai ɗan'uwan wannan tarko, ko da yake bai kai shi zurfi ba. Yaro sai yana ƙasa da 18 za a fara ba shi bizar rakiya, don haka ɗan shekara 17 da aka bari a gida ya ƙarasa sakandare zai iya wayar gari ƙofa ta rufe. Wanda ya yi sakandare a can kyauta kuma, in lokacin jami'a ya zo iyayensa ba su samu zama na dindindin ba, kuɗin baƙo zai biya, wanda kan ninka na ɗan gida sau biyu ko uku. Ita Indiya kuma ba ta yarda da ɗan ƙasa biyu ba. Wanda ya karɓi fasfon wata ƙasa sai ya ajiye nata, a ba shi katin 'yan asali na OCI.

Me ya kawo maganar Indiyawa gaban Bahaushe? Sun riga mu shiga wannan hanya da shekaru masu yawa, kuma likitocinmu da ma'aikatan jinya da malaman jami'a yanzu ita suke bi da iyalansu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ba mu da dogon layin Indiyawa a Amurka, amma dokar shekara 21 da ta 18 ba su san fasfon kowa ba. Mu kuma muna da ƙarin namu: waɗannan ƙasashe na Yamma mace ɗaya suke lissafawa, ɗan riƙo kuma ba ɗa ba ne a wurinsu sai da takardar kotu, ga shi da yawa daga cikin yaranmu ba su da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya.

Mai shirin tafiya da iyali, kafin ka lissafa albashi, ɗauki biro ka rubuta shekarun kowane yaro. Ka binciki shekara nawa zaman dindindin ke ɗauka a ƙasar da za ka, ka haɗa, ka ga wane yaro ne zai girma kafin lokacin. Ka karanta ƙa'idar da kanka a shafin gwamnatin ƙasar a satin da za ka nema, domin dokokin nan suna sauyawa kusan duk shekara, kuma dillalin biza ba shi zai zauna da ɗanka ba ranar da takardarsa ta ƙare.