Talabijin a Gidan Musulmi: Linzamin Yana Hannun Wa?

Gardama kan ko kallon talabijin ya dace da tsoron Allah ta girmi yawancin masu yin ta a yau. Da aka buɗe gidan talabijin a Saudiyya a 1965, masu ganin abin bidi'a ne suka yi bore, har wani ɗan gidan sarauta, Khalid bin Musa'id, ya rasa ransa. Bayan shekara goma, ɗan'uwansa ya harbe Sarki Faisal. A nan gida ma, da gobara ta tashi a silimar El-Duniya ta Kano a 1951, ta ci rayuka sama da 300, mutane da dama sun ɗauke ta a matsayin ishara ga masu zuwa majigi.

Duk da haka, gwamnatin Sardauna ta buɗe Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962. Ta gidan rediyon ne tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello ya shiga lunguna da ƙauyuka, a Kadunan ne kuma Samanja da Kasimu Yero suka riƙa gyara wa mutane zama cikin raha.

Malaman da ke tsananta wa kallo suna da hujja. Suratun Nur ta umarci maza da mata su runtse idanu, ga kuma ƙa'idar toshe kafar ɓarna tun ba ta auku ba. A ganinsu, yaron da ya saba da rawa da cakuɗar maza da mata a allo, kunyarsa takan zaizaye ba tare da an lura ba. Masu sassauci kuma suna cewa asalin abubuwa halacci ne, akwatin ba shi da hukunci sai na abin da ya nuna. Shi ne ke kawo tarawihi kai tsaye daga Ka'aba, shi ne kuma Sunnah TV da Manara TV ke karantarwa ta cikinsa.

Kano ta gwada hanyar doka. Ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, ta ƙara matsa wa 'yan fim lamba a 2007, sannan a 2016 kukan malamai ya sa Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa. Wasu abubuwa sun gyaru, musamman sutura da kalamai. Amma kallo bai ragu ba. Arewa24 ta zo a 2014, ta kawo shirye-shirye irin su Daɗin Kowa, daga baya kuma kasuwar ta koma YouTube da TikTok, inda almakashin hukuma ba ya kaiwa da sauƙi.

A Fadan Kagoma ta Jihar Kaduna gazawar hanyar doka ta fi fitowa fili. Garin al'ummar Gwong ne a ƙaramar hukumar Jama'a, mahaifar marigayi Gwamna Patrick Yakowa, inda Musulmi ke zaune da maƙwabta Kiristoci da suka fi su yawa. Hukumar Kano ba ta da iko a can, ba kuma mai hankalin da zai nemi a ɗora wa maƙwabci dokar addinin da ba nasa ba. Yara suna wasa tare, suna kallon ƙwallo tare. Uban da ya fitar da talabijin daga ɗakinsa bai hana ɗansa kallo ba, wurin kallon kawai ya sauya masa, daga gaban idonsa zuwa gidan kallo ko wayar aboki.

Saboda haka aikin tacewa ya dawo kan iyaye. A ajiye akwatin a falo, inda kowa ke gani. A yi amfani da lambar kulle tashoshi da ke cikin dikoda. A sa wa kallo lokaci, kiran salla da Islamiyya su zama iyakarsa. Babba ya zauna da yara, idan abin assha ya gifta ya sauya tasha, ya kuma faɗi dalili, domin dalilin ne zai bi yaro zuwa inda uba ba ya nan. Iyayen Kiristoci ma ba sa son batsa ga 'ya'yansu, don haka limamai da fastoci na iya haɗa baki su roƙi masu gidajen kallo su daina barin ƙananan yara har tsakar dare.

Mun saba ɗora wa 'yan fim laifi duka, alhali idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Furodusa ɗan kasuwa ne, abin da ake kallo shi yake ƙara yi. Duk wanda ya ƙaurace wa shirin banza, ya kalli mai ma'ana, ya sa hannu a zaɓen abin da za a nuna wa 'ya'yansa gobe.