Ƙarancin da Aka Ƙirƙira da Gangan: Darasi Daga Kasuwar NFT

A watan Oktoba na 2022, mai zane ɗan Ingila Damien Hirst ya tsaya a Landan yana jefa zanukansa cikin wuta. Ya zana hotuna 10,000, ya sayar da kowanne dala 2,000 haɗe da shaidar mallaka ta dijital da ake kira NFT, sannan ya ce kowa ya zaɓi ɗaya: takarda ko shaidar. Zanuka 4,851 aka zaɓa wa shaidar, su ne suka zama toka.

Kada mai karatu ya ɗauka hauka ne. Hoton kwamfuta ana iya kwafarsa sau miliyan ba tare da an kashe kwabo ba, alhali tsada tana bin ƙaranci. Saboda haka masu wannan harka suka samo dabaru uku na ƙirƙirar ƙarancin.

Ta farko ita ce ƙonawa: a tura shaidar zuwa wani adireshi da babu mai mabuɗinsa, ta tafi ke nan har abada. Ta biyu haɗewa. A Disamban 2021, mai zanen da ke ɓoye kansa da sunan Pak ya sayar da aikinsa Merge a dandalin Nifty Gateway kan dala miliyan 91.8, ga masu saye sama da 28,000. Ƙa'idarsa ita ce, duk ƙwallo biyu da suka haɗu a lalita ɗaya sai su zama ƙwallo guda babba, adadin na raguwa.

Ta uku makin ƙaranci. Lissafin da ya fi yaɗuwa mai sauƙi ne: a raba jimillar hotunan da yawan masu ɗauke da wata siffa, sannan a tara makin dukkan siffofin. Siffar da rabin hotuna ke da ita makinta 2 ne. A tarin CryptoPunks na 2017 kuwa, hotuna 9 kacal cikin 10,000 ke da siffar baƙon sararin samaniya, makinta ya haura 1,100. Ɗaya daga cikinsu an sayar da shi dala miliyan 11.8 a gwanjon Sotheby's a 2021.

To, ina matsalar? Wanda ya tsara hotunan shi ya yanke wace siffa za ta yi kaɗan, wato mai kaya ne ke riƙe da mudu. Hatta masu lissafin sun riƙa saɓa wa juna, har sai da OpenSea da abokan hulɗarta suka fito da ma'aunin OpenRarity a 2022. Sannan ƙonawa tana rage kaya ne kawai, ba ta haifar da mai saye. An sayi saƙon farko na Jack Dorsey a Twitter dala miliyan 2.9 a 2021. Da aka mayar da shi gwanjo bayan shekara guda, tayin da aka samu lokacin rufewa bai kai dala 300 ba, ga shi kuwa babu irinsa a duniya.

Ɗalibanmu da ke zuba kuɗin makaranta a irin wannan kasuwa su riƙa tambaya kafin su saya: wa ya ƙayyade ƙarancin, nawa ya ajiye wa kansa, kuma wa zai saya daga hannuna gobe? Ba girin-girin ba, ta yi mai.