Uwargida, Idan Tafiya Ta Kama, Yaya Za Ki Yi Da Kyanwar Gidanki?



Kwanakin baya wata ɗalibata 'yar shekara tara ta zo makaranta idanunta a kumbure. Da na tambaye ta, sai ta ce babanta ya samu ƙaro karatu a Ingila, za su tafi gaba ɗaya, kuma an ce za a bar kyanwarta. Da na zanta da mahaifiyar, sai ta ce: "Malama, ai mage ce, za ta nemi abincinta a unguwa." Maganar ta tsaya mini a rai, domin dabbar da kika sabar mata da tuwonki ta zama amana a wuyanki. Kin san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Shi ya sa na ga ya dace mu tattauna yadda ake tafiya da dabba, musamman a jirgin sama.

Da farko, uwargida, dabba ba ta shiga jirgi sai da takardu. Za ki kai ta wurin likitan dabbobi ya duba lafiyarta, ya yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, wanda kyanwa ma tana kamuwa da shi. Ba a yin wannan allura sai dabbar ta kai mako 12 da haihuwa. Ƙasashe da yawa kuma suna buƙatar a dasa mata wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda ke ɗauke da lamba 15, kuma a dasa ta kafin allurar. A Nijeriya, hukumar NAQS mai kula da killace dabbobi da tsirrai tana da jami'ai a filayen jiragen sama masu duba irin waɗannan takardu.

Idan Ingila ko ƙasashen Tarayyar Turai za ku daga Nijeriya, to sai kin fara shiri da wuri. Bayan allura da kwana 30 za a ɗibi jininta a kai ɗakin gwajin da suka amince da shi, sannan a jira wata 3 daga ranar ɗibar jinin. Kin ga ke nan wata huɗu ya tafi kafin a yi maganar tikiti. Ingila kuma ba ta yarda kyanwa ta shigo a wurin zaman fasinja ba, sai ta ɓangaren kaya.

Kamfanonin jirage kowa da dokarsa. Da yawa, irin su Turkish Airlines da Lufthansa, suna barin kyanwa ta zauna a ƙarƙashin kujerar da ke gabanki idan nauyinta haɗe da jakarta bai wuce kilo 8 ba. Wasu kuwa sam. Abin mamaki, Qatar Airways yana barin a shiga da shaho wurin fasinjoji, saboda matsayin farauta da shi a wajen Larabawan yankin, amma kyanwa sai ɓangaren kaya. Don haka maigida ya tambayi kamfanin kafin ya biya kuɗin tikiti, ya kuma nemi gurbinta tun da wuri, domin akwai iyakar dabbobin da jirgi ɗaya ke ɗauka.

Sai batun keji. Ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ita ce dabba ta iya miƙewa tsaye a ciki, ta juya, ta kuma kwanta daidai, iska na shiga sosai. Ki saya da makonni kafin tafiya, ki ajiye a tsakar gida a buɗe, ki riƙa sa mata abinci a ciki har ta saba. Ranar tafiya ki shimfiɗa wani tsohon zanenki a ciki, warin jikinki zai kwantar mata da hankali. Ki ba ta abinci kaɗan sa'o'i kamar huɗu kafin tashi, kada ki cika mata ciki ta yi amai.

Ki kiyayi abu biyu. Na ɗaya, kada ki ba ta maganin barci sai da umarnin likita, domin yana saukar da ƙarfin jini, ga shi iskar cikin jirgi ba kamar ta ƙasa ba ce. Na biyu, kyanwa mai dakakkiyar fuska irin ta Farisa tana fama da numfashi, shi ya sa kamfanoni da dama ba sa karɓarta a ɓangaren kaya.

Masu aku kuma, a yi hattara. Tun watan Janairun 2017 aka sa aku mai launin toka da jar wutsiya a sahun farko na yarjejeniyar CITES mai kare halittun da ke fuskantar ƙarewa. Fita da shi ƙasa ba tare da izini na musamman ba laifi ne, ana ƙwace shi, mai shi kuma ya shiga matsala.

Idan a mota za ku, misali canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja, kada a cusa ta a buhu ko a but. A sa kejin a kujerar baya, kuma kada a bar ta cikin mota a rufe lokacin da kuka tsaya sallah, zafi na iya kashe ta cikin ɗan lokaci. Da kun isa, ki tsare ta a ɗaki ɗaya da abinci da ruwa da kwanon rairayi na kamar mako biyu, don kada ta fita neman tsohon gida ta ɓace.

Idan kuwa kin ga ɗawainiyar ta fi ƙarfinku, babu laifi. Ki nemi gidan da za su riƙe ta tsakani da Allah, ki kai ta da hannunki. Haka muka yi da kyanwar ɗalibata, yanzu tana gidan gwaggonta, har ta haihu uku. Yarinyar ta tafi hankalinta kwance, ta kuma koyi cewa ba a yar da amana don tafiya ta kama.

Allah Ya sa mu dace, amin. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.