Canjin Injin Mota: Sai Da Takardar Injiniya Ko Kuwa?

Bayan farashin gero da dawa da masara, ga wata magana wadda ta shafi buhun kowa, ko da mutum bai mallaki ko tayar keke ba, domin hatsi ba ya zuwa Dawanau da ƙafarsa, sai an ɗauko shi a mota.

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuma kuɗin sabuwar mota ya fi ƙarfin mai matsakaicin jari, canjin inji ya yawaita. In injin kanta ko na daf ya buga, mai ita sai ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Ikko, ya sayo ɗan Baljiyam, bakanike ya ɗora, gobe mota ta koma lodi. To, tambayar da ake ta yi a tasha ita ce: wannan mota tana nan a kan rajistarta, ko kuwa sai injiniya ya duba ya ba da takardar shaida?

Amsa ita ce canjin inji iri biyu ne. Akwai wanda aka cire inji aka mayar da ɗan'uwansa, kamfani ɗaya, girma ɗaya, mai iri ɗaya. Wannan gyara ne, abin da ya canja lamba ce kurum, sai a gyara ta a takarda. Akwai kuma wanda aka ɗora injin da ba a ƙera motar da shi ba, ko ya fi na asali girma, ko na wani kamfani ne, ko an bar fetur an koma dizal. Wannan kam ya zama sabuwar ƙira, kuma shi ne inda maganar injiniya ke shigowa.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

Mutanen Ostareliya suna cikin waɗanda suka fi tsananta wannan al'amari. Suna da littafin ƙa'ida na ƙananan motoci mai suna VSB 14, da wani na manya waɗanda suka wuce tan 4.5 mai suna VSB 6. A Jihar New South Wales, in injin da aka ɗora ba na dangin motar ba ne, ko kuwa ya fi babban injin da kamfani ya taɓa sa mata da sama da kashi 20 cikin 100, to sai mai shaida wanda gwamnati ta ba lasisi ya duba ya sa hannu kafin rajista ta inganta. A Jihar Queensland har wani ɗan shuɗin ƙarfe ake kafawa a jikin motar, mai ɗauke da bayanin aikin da aka yi, don duk mai saye ya gani.

A Jamus, izinin hawa hanya yana faɗuwa da kansa in an yi wa mota canjin da zai jefa mutane cikin haɗari, ko ya ƙara mata hayaƙi ko ƙara. Sai an kai ta wurin masu dubawa irin su TÜV ko DEKRA, sun gamsu, kana a rubuta sabon injin a takardunta.

Ingila ta fi sauƙi. Can abin da ake so shi ne ka sanar da ofishin rajista, DVLA, sabuwar lambar inji da girmansa da irin man da yake sha, ka haɗa da hujja kamar rasidin saye ko wasiƙar garejin da ya yi aikin. Ka ga ke nan ba ƙa'ida ɗaya ce a duniya ba. Amma duka sun haɗu a kan abu guda: abin da ke cikin mota da abin da ke cikin takarda su yi magana ɗaya.

Me ya sa ake neman injiniya

Wani zai ce ai bakanikenmu ya fi shekara 30 yana wannan aiki, me injiniya zai koya masa? Ba raina bakanike aka yi ba. Shi aikinsa inji ya tashi, mota ta ja. Na injiniya kuwa ya lissafa ko sauran jikin motar zai iya da sabon ƙarfin. Jaki ne aka ɗora wa zuciyar raƙumi, ƙafafunsa kuwa suna nan na jaki.

Babban inji ya fi nauyi, nauyin kuma a kan ƙafafun gaba yake sauka, sai sitiyari ya canja hali, safirin ya kwanta. Giyabos da kuloci da farfela an auna su ne da ƙarfin tsohon inji. Lagireto in ya yi ƙanƙanta, mota ta riƙa tafasa a hawa. Wurin zaman inji kuwa sau da yawa ba ya dacewa, sai a huda shasi ko a yi masa walda, kuma nan ne tsagewa ke farawa a ɓoye.

Babbar magana ita ce birki. Tirela mai buhu 300 na kilo 100 tana ɗauke da tan 30 ne na hatsi, ban da nauyin kanta. In sabon inji ya sa direba ya tashi daga gudun kilomita 60 zuwa 80, aikin da birki zai yi kafin ya tsayar da ita ya kusa ninkawa biyu, alhali birkin nan shi ne na jiya. In ya yi zafi a gangara ya saki, ba a tambayar wa ya sayi injin, sai dai a ƙirga rayuka da buhuna.

A nan gida

A Najeriya lambar inji da lambar shasi suna rubuce a lasisin mota da sauran takardunta. Dokokin hanya na ƙasa na 2012 sun ɗora wa mai mota nauyin sanar da ofishin lasisi in ya canja inji, a gyara lambar. 'Yan sanda ma suna da nasu kundin rajistar motoci inda ake shigar da canjin inji. Wanda ke duba lafiyar mota ya ba da shaidar cewa ta cancanci hawa hanya shi ne jami'in V.I.O. Saboda haka, in ka yi canji, riƙe rasidin dilan da ya sayar maka, ka tabbata an rubuta lambar injin a jikinsa, ka duba da idonka lambar da ke takarda ita ce ke kan ƙarfe, sa'an nan ka kai mota a duba. Injin da aka goge lambarsa ko aka sake bugawa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, domin in ya tabbata na sata ne, kai za a fara kamawa.

In kuwa canjin irin na biyu ne, ko ba wanda ya tilasta maka, nemi injiniyan mota mai rajista ya duba birki da shasi ya rubuta maka. Asarar lodi ɗaya ta isa ta karya mutum.

Haka nan masu mayar da mota ta riƙa amfani da iskar gas ta CNG. Ana cusa wannan iska cikin tukunya da matsi har ba 200, alhali tayar ƙaramar mota ba ta kai 3 ba. A watan Oktoba 2024 wata mota ta fashe a gidan sayar da iskar a Benin ta Jihar Edo, mutane suka jikkata, kuma hukuma ta ce tukunyar ƙirar walda ce wadda ba a amince da ita ba. Wannan aiki sai gareji mai izini, a kuma karɓi takardarsa.

Abin da ya shafi mai hatsi da dillali

Kai mai kaya, ka sani inshorar da yawancin motoci ke yawo da ita ta mutum na uku ce, watau wanda aka buge a hanya, ba ta biyan buhunan da ke cikin motar. Inshorar kaya daban take. Kuma kamfanin inshora yana iya kafa hujja da canjin da aka ɓoye masa ya ƙi biya. In kuma aka tsare mota a shinge kwana 3 don lamba ba ta dace ba, ga damina, ga wake yana ɗaukar zafi, ga kasuwa ta ci ta watse, wa zai biya ka? Saboda haka kafin a fara lodi, tambayi ɗan kamasho: an taɓa canja mata inji? An gyara takarda? Ba rashin kunya ba ne, kamar yadda ba rashin kunya ba ne ka soka buhu ka ga ƙwayar kafin ka biya.

Kai kuma dillalin mota, canjin inji abu ne da ake faɗa wa mai saye tun kafin a yi ciniki. Malamai sun karantar da mu cewa aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar mayar da haja, la'adar da aka ci a kan ɓoyewa kuwa ba ta albarka. Motar da takardunta suka cika ta fi saurin shiga, ta kuma fi daraja.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka. Haza wassalam.