Ko ka sani? Turai ta ajiye Peugeot 504, Kaduna ta ƙara mata fiye da shekara 20

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, kuma a 1983 aka daina ƙera salun da wagon ɗinta a can. Amma masana'antar Peugeot ta PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara haɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da ita sabuwa fil har zuwa 2006. Wato yaron da aka haifa a shekarar da Turawa suka sallame ta, har ya isa aure ana sayen ta cikin leda a Kaduna.

Sababbi kuwa sun zo. Ƙirar 505 ta fito tun 1979, daga baya 406 ta biyo. Abin da ya riƙe 504 sabo ne, kuma sabo mai hujja. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da fijo motar hukuma, ido ya saba ganin manya a cikinta. Direban tashar Kawo mai lodin Zariya da Kano ya san wagon mai layin kujeru uku ciki da bai: tana da tsayi daga ƙasa, tayoyin baya ke tura ta, gargada ba ta dame ta ba. Wannan juriya ce ta sa Ove Andersson ya lashe tseren Safari na Kenya da ita a 1975.

Babban sirrin yana hannun bakanike. A Panteka ta Kaduna da kunne ake gane ciwonta. Ya saurari injin, ya kwance kafireto, ya wanke da fetur, ya hura ƴan ramukan da baki, ya kankare filogi, sai mota ta tashi. Injin da kwamfuta ke sarrafa wa mai ba ya jin wannan magani. Shi ya sa a lokacin mai saye kan fara shawara da bakanikensa kafin ya je wurin dila, shi kuwa bakanike abin da hannunsa ya sani zai yaba. Ga kayan gyara ko a ƙauye.

Arahar motocin hannu da ake shigowa da su ta Kwatano ce ta karya lagonta. Sai da makanikai suka laƙanci Golf da Sharon, kayansu suka cika kasuwa, sannan direbobin tasha suka yarda suka sauya.