Kuɗin Cefane da Motocin Gran Turismo

Duk matar da ta taɓa riƙe gida da ƙayyadadden kuɗin cefane ta san wani lissafi da ba a koyar da shi a aji. Maigida ya ajiye abin da ya ajiye ya fita, ba kuma zai dawo ya ƙara ba. A cikin ɗan abin nan za a fitar da tumatir da tattasai da albasa, da man gyaɗa da daddawa da itace, da ɗan naman da zai ba miya suna. In nama ya yi yawa, mai zai yi kaɗan. In baƙi suka yi sallama da la'asar, sai a ƙara wa tukunya ruwa. Gwanar mace a nan ita ce wadda ta san abin da za ta rage ba tare da masu ci sun ji a harshensu ba.

Haka rayuwar masu haɗa wasan tseren mota na PlayStation ko Xbox take, musamman irin wanda ake so ya yi kama da tuƙin gaske. Nasu kuɗin cefanen lokaci ne. Wasan yana zana hoto 60 a allo cikin sakan guda, wato kowane hoto yana da ɗaya bisa sittin na sakan, milisakan 16 da 'yar ɗoriya. A cikin wannan ƙiftawar ido na'ura za ta lissafa yadda tayoyi huɗu suka kama kwalta, da yadda nauyin mota ya rinjaya gaba da aka taka birki, da abin da sauran direbobi suke yi, da ƙarar inji, da inuwar bishiyoyi, da abin da ke cikin madubi. Mai wasa a kwamfuta yana iya zuwa kasuwa ya sayo sabon kayan ciki ya ƙara mata ƙarfi, kamar gidan attajiri da ake aika yaro ya karɓo ƙari. Na'urar wasa kuwa yadda kamfani ya ƙera ta haka za ta zauna shekara shida ko bakwai a kowane ɗaki.

Me ya sa sai 60? Motar da ke gudun kilomita 300 a awa tana cin mita 83 a sakan. In hoto 30 ake zanawa, tsakanin hoto da hoto ta yi tsalle na kusan mita uku. In 60 ne, bai kai mita ɗaya da rabi ba. Ga wanda yake neman daidai wurin da zai taka birki kafin kwana, wannan bambanci shi ne tsakanin wucewa lafiya da sumbatar bango.

Ba wanda ya daɗe a wannan madafi kamar Kazunori Yamauchi na ƙasar Japan, shugaban Polyphony Digital, masu Gran Turismo. Ya fara aikin a 1992 da mutane ƙalilan, wasan bai fito ba sai Disamba 1997. PlayStation ta farko megabait 2 kacal take da shi na ma'ajiyar aiki, abin da hoto guda na wayar yanzu ya fi shi nauyi. A cikinsa suka cusa motoci kusan 140, kowace an gina ta da 'yan alwatika wajen 300. Dole suka haƙura da hoto 30 a sakan. Amma sun ɓoye wani sashe da ake buɗe wa wanda ya yi nisa a wasan, inda ake samun 60, bayan an kwashe yawancin kayan ado na gefen titi, an kuma taƙaita shi ga titina kaɗan. Kai ka ce sun buɗe wa mai wasa tukunyar ne suna nuna masa: ga yadda za ta yi daɗi in ba baƙi. Wasan ya sayar da fiye da kwafi miliyan 10, ya zarce kowane wasa a wannan na'ura.

A girkin Yamauchi, tuwon shi ne yadda mota take ji a hannu, kuma a nan ne ba ya yarda a yi masa ƙwauro. Asirin yana cikin taya. Roba ce da iska, tana lanƙwashewa, tana zafi, tana cinyewa. Abin mamaki, ta fi kama ƙasa a lokacin da ta ɗan soma zamewa, in kuma zamewar ta wuce wani ƙadami sai riƙon ya kuɓuce. Kamfanonin taya suna bin wannan da manyan kwamfutoci, su yi awoyi a kan lissafi guda. Mai haɗa wasa ba shi da awoyi, don haka sai ya nemi gajeriyar hanya: wata dabarar lissafi da za ta ba da amsa mai kusa da gaskiya nan take. Wadda ta fi shahara ita ce ta wani malamin jami'a ɗan ƙasar Holan, Hans Pacejka, kuma wasanni da dama sun jingina da ita ko da irinta. Abokan hamayyar Gran Turismo, wato Turn 10 na Amurka masu Forza Motorsport, sun yi alfahari a fitowar 2023 cewa suna auna kowace taya a wurare takwas, sau 360 a sakan. Duk wannan daga cikin kuɗin cefanen nan guda yake fita. Abin da taya ta ci, bishiya da gajimare ba za su samu ba.

Sai maganar baƙi, wato yawan motoci, kuma a nan ne tarihin wasan ya fi ban sha'awa. Gran Turismo 2 ya fito a ƙarshen 1999 da motoci wajen 650 a faifai biyu. Gaggawa aka yi, ta kuwa nuna kanta: a kwafin farko, duk ƙoƙarin mai wasa ba zai wuce kashi 98.2 cikin ɗari na kammalawa ba, wasu ma suka tarar motocinsu sun ɓace daga gareji. Da aka koma PlayStation 2 a 2001, sai Yamauchi ya sauya shawara. Gran Turismo 3 ya zo da motoci kusan 180 kawai, amma kowace sabuwar ƙira ce, ga hoto 60 a sakan. Mutane suka yi gunaguni, suka kuma saya, har kusan miliyan 15. A ganina wannan ne girki mafi tsafta da ya taɓa yi: ya ƙidaya bakin da zai iya ciyarwa, ya tsaya a nan.

A Gran Turismo 5 kuwa, wanda ya fito a Nuwamba 2010 bayan ɗage-ɗage masu yawa da kashe dala wajen miliyan 60, ya so ya tauna taura biyu. An yi shelar motoci fiye da 1,000. Da aka buɗe kwano sai aka ga kusan 200 ne sabon girki, masu cikakken ɗakin direba da ɗinkin kujera da allon awo. Sauran 800 ɗumame ne, an kwaso su daga wasannin baya aka ɗan goge. Ba a iya kallon cikinsu ma sai bayan kusan shekara guda, da aka ƙara musu wani duhun ɗaki na jeka-na-yi-ka. Ba wanda yake zagin ɗumame da safe, amma in aka jera shi a faranti ɗaya da sabon tuwo a gaban baƙo, ido zai fara ganewa kafin harshe. Duk da haka akwai masu kare shi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: a cikin ɗumamen nan ne mutum yake samun tsohuwar Honda ko Toyota irin wadda mahaifinsa ya tuƙa, wadda ba wanda zai ɓata wata shida yana sake ginawa.

Wata shidan nan shi ne ainihin ciwon. Yamauchi ya bayyana cewa a wasan farko mai zane ɗaya yakan gama mota a kwana guda. A zamanin PlayStation 2 ya koma wata guda, a na PlayStation 3 ya kai wata shida, a Gran Turismo 7 kuma ana maganar kwana 270. Wato duk lokacin da aka ƙara kuɗin cefane da sabuwar na'ura, sai tsadar kasuwa ta riga shi gaba. Na'urar da za ta iya nuna kowane ƙusa ita ce ke tilasta wa wani ya zauna ya zana kowane ƙusa. Forza ma bai tsira ba: daga motoci wajen 500 a na huɗu ya sauko zuwa 200 a na biyar a 2013, da aka shiga sabuwar Xbox. Titinan tsere su ma haka. Titin Nurburgring na Jamus ya fi kilomita 20, kuma direban da ya san shi yana sane da kowane tudu da kowane faci, don haka sai an je an auna, an ɗauki hotuna dubbai, a dawo a gina shi taku-taku.

Akwai kuma abin da ba laifin na'ura ba ne. Motocin na masu su ne, sai da lasisi ake saka su, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin da ya kashe maƙudan kuɗi yana tallar kyawun motarsa ba ya murnar ganin ta a murƙushe a allon yara. Shi ya sa a Gran Turismo huɗun farko za ka daki bango da gudun tsiya, motar ta dawo tana sheƙi. Porsche kuma shekaru da dama tana ɗaure da yarjejeniya da kamfanin EA, sai Gran Turismo ya riƙa saka motocin RUF, wani kamfanin Jamus mai gina nasa a kan ƙirar Porsche, har zuwa 2017.

Tukunya ɗaya ce za ta ciyar da tsoho mai son yaji da yaron da ko ƙamshinsa ba ya so. Akwai mai sitiyari da totur da birki na musamman a ɗakinsa, akwai kuma mai hannun gem na yau da kullum, su ne ma suka fi yawa. Sitiyarin mota yakan juya wajen zagaye biyu da rabi daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ɗan sandan hannun gem kuwa motsinsa bai fi faɗin babban yatsa ba. Da za a bar shi yadda yake, da kowace kwana sai mota ta wulwula. Sai aka saka wani mai shiga tsakani a ɓoye, yana tausasa motsin yatsa kafin ya isa taya. Masu tsattsauran ra'ayi a kan wasannin kwamfuta irin su iRacing suna ganin wannan ha'inci ne. Ni kuwa ina ganin ajiye yaji ne a gefen kwano: akwai taimakon birki da na hana zamewa da layin da ke nuna hanya, mai so ya bari, gwani ya kashe su ɗaya bayan ɗaya. Shaidar cewa tuwon na gaske ne ita ce gasar GT Academy da aka fara da Nissan a 2008, wadda ta ɗauko Lucas Ordóñez na Sifaniya, sannan Jann Mardenborough na Birtaniya a 2011, daga gaban talabijin zuwa tseren Le Mans.

To ina aka ƙara ruwan? A ƙarar inji, wadda aka daɗe ana yi wa ba'a cewa ta fi kama da injin zuƙar ƙura. Sai kuma abokan tsere. A Gran Turismo 4 motoci shida ne kawai a titi, biyar ɗin da na'ura ke tuƙawa suna bin layi guda kamar an ɗaure su da igiya. Har a na bakwai, dabarar da ake yi a tsere da yawa ita ce a ajiye ka can baya, a ba na gaba tazara, ka yi ta bi kana wuce su. Sashen binciken ƙirƙirarriyar basira na Sony, masu PlayStation, ya samar da direba mai suna Sophy wanda ya doke gwanayen wasan, har mujallar Nature ta saka shi a bangonta a Fabrairu 2022. Da aka kawo shi cikin wasan, masu PlayStation 5 kaɗai suka samu, duk da Gran Turismo 7 yana kan PlayStation 4 ma. Yanayin sama shi ma an yi ta kai-kawo da shi. Na biyar da na shida suna da rana mai faɗuwa da ruwa mai saukowa ana cikin tsere, amma hoto yakan yi tangarɗa. A Gran Turismo Sport na 2017 sai aka tsayar da rana wuri guda don hoton ya zauna daram, sannan aka dawo da sauyin a 2022.

Duk waɗannan ragi ne da mai ci zai iya yafewa, don ya san dalili. Wanda ya ƙi haɗiyuwa shi ne na Maris 2022. Gran Turismo 7 ba ya ajiye nasarar mai wasa sai da intanet, ko da shi kaɗai yake tsere a ɗakinsa. Kamfanin ya ce don hana maguɗi ne. Mako biyu da fitowarsa aka samu matsala wajen sabunta shi, wasan ya rufe fiye da awa 30, mutanen da suka biya cikakken kuɗi suka zauna suna kallon allo. Sabuntawar nan kuma ta rage ladan da ake samu a wasu tsere, alhali akwai motocin da farashinsu ya kai kuɗin wasa miliyan 20, ga shi ana sayar da miliyan 2 a kan dala wajen 20 na gaske. A nan ne masu wasa suka ga an rage naman miya, an kuma kafa teburin tsire a ƙofar gida. Yamauchi ya ba da haƙuri, aka raba wa kowa miliyan ɗaya, aka ƙara ladan tsere a wata mai bi. Sharaɗin intanet ɗin dai yana nan. Shi kuwa Gran Turismo Sport, wanda aka gina kacokan a kan gasa ta intanet, an kashe masa ita a ƙarshen Janairu 2024, aka bar wa masu faifan sashen da mutum zai yi shi kaɗai.